Waiwaye: Yadda kwaɗon sirri ya faɗa hannun masu kulle kwamfuta su nemi kuɗin fansa

A majalisun Samaru da shagunan gyaran waya na PZ a Zariya, musu ɗaya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: a bar mutane su riƙa kulle saƙonninsu yadda ko hukuma ba ta iya karantawa, alhali 'yan damfara na fakewa da hakan? Masu cewa a ɓalle kwaɗon suna magana kamar WhatsApp ne mafari, wanda sai a 2016 ya kulle saƙonnin kowa. Ba yau farau ba.

Tun 1976 wasu masana biyu, Diffie da Hellman, suka fito da dabarar mabuɗi biyu: na fili da kowa ke datsewa da shi, da na ɓoye wanda shi kaɗai ke buɗewa. A 1991 manhajar kulle saƙonni ta PGP ta kai dabarar hannun kowa, Amurka ta ɗau shekaru tana cacar baki a kai.

Amma akwai gaɓar da ba a cika tunawa ba. A 1989 an aika faya-fayan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya, da sunan bayani kan cutar ƙanjamau. Wanda ya saka, sai kwamfutarsa ta ɓoye masa fayil-fayil, ta ce ya tura dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Abin bai yi tasiri ba, don mabuɗin na cikin muguwar manhajar kanta, masana suka zaƙulo shi. Sannan wane ɓarawo ne ke jiran kuɗi a akwatin da ake iya tsarewa? A 1996 masana Adam Young da Moti Yung suka yi gargaɗi a rubuce cewa ranar da mugu ya yi amfani da mabuɗi biyu, zaƙulowa ta ƙare. Ilimin na nan a fili, amma annobar kulle kwamfuta don neman fansa ba ta ɓarke ba sai 2013, da muguwar manhajar CryptoLocker ta fara karɓar fansa da kuɗin intanet na Bitcoin. Ashe hanyar karɓar kuɗi ake jira.

WannaCry kuwa, wata manhajar fansar da ta ratsa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 har ta durƙusar da asibitoci a Ingila, ta bi ta wata ɓaraka a manhajar Windows da aka fitar da maganinta tun Maris, ta shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba. Je ka shagunan buga takardu na Kongo ka duba: tsofaffin kwamfutoci da ba a sabuntawa, filas na yawo daga wannan zuwa waccan, kundin digirin ɗalibi kwafi ɗaya tal.