Wai me ake nufi da "rizot"?

Yanzu duk wanda ya kewaye fili ya gina ɗaki goma, ya haƙa kwamin wanka, ya ajiye mai gasa kifi a bakin ƙofa, sai ya kafa allo ya rubuta "resort". 'Yan siyasa ma sun samu abin yi, kowane dam aka je kamfe gefensa sai a ce za a mai da shi rizot. A rediyo kuma ana fassara ta da "wurin shaƙatawa" a wuce. Fassarar ba laifi, amma ta bar ƙashin bayan maganar a baya.

Kalmar ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, kuma tushenta na nufin sake fita, ko komawa wuri. Wato wurin da mutane ke ta komawa saboda wani abu da Allah ya ajiye a can, ruwa ne ko iska ko dutse. Masauki daga baya yake biyowa. Sau da yawa ma gari ne sukutum, ba gini ɗaya ba.

A duba Brighton, wanda masu kallon ƙwallo suka sani saboda kulob ɗinsa. Yana gaɓar kudancin Ingila, kimanin kilomita 80 daga Landan. Sunansa na da Brighthelmstone, garin masunta ne, kuma guguwar 1703 da ta 1705 sun cinye unguwar da ke ƙasa bakin ruwa, garin ya talauce. Ba mai kuɗi ne ya tashe shi ba, likita ne. Richard Russell, daga garin Lewes da ke kusa, ya wallafa littafi da Latin a 1750 yana cewa ruwan teku na maganin cututtukan kaluluwa. Marasa lafiya suka yi ta zuwa, har a 1753 ya gina gida a bakin tekun don ya riƙa duba su.

To, ga yadda "shaƙatawar" take. Da sanyin safiya za ka shiga wata bukkar katako da aka ɗora kan ƙafafu huɗu irin na amalanke. Kana ciki kana tuɓe kaya, doki na jan ta cikin ruwa. In an kai inda ruwa ya yi zurfi daidai, sai ka sauko ta matakala, a nan kuma wani ƙaƙƙarfa na jiranka a tsaye cikin ruwa. Aikinsa ya kama ka ya dulmiya, ya ɗago, ya sake dulmiyawa. Mata na da nasu masu dulmiyarwa, kuma wadda ta fi suna ita ce Martha Gunn, wadda ta shafe shekaru da dama tana wannan sana'a kafin ta rasu a 1815. Ba iyo ake zuwa yi ba, yawancinsu ma ba su iya ba. Sanyin da ke bugun jiki farat ɗaya shi ake ɗauka magani. Bayan nan sai a ba ka ruwan tekun ka sha, wani lokaci a haɗa da madara. Kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, don haka abin da ke biyowa baya zawo ne da ƙishirwa, su kuwa sai su ce ai ciwo ne ke fita.

Wani abin da zai ba masu allon nan mamaki: gaɓar Brighton ba rairayi ba ce, yawancinta tsakuwa ce.

Abin da ya juya garin daga asibiti zuwa dandali shi ne zuwan Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu. Ya fara zuwa a 1783, ya gina gidan hutu a 1787, sannan daga 1815 magini John Nash ya sake masa fasali da ƙubbobi irin na Indiya. Inda sarki ya sa ƙafa, fadawa da attajirai ba sa jiran gayyata. Har wani mutumin Patna ta Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan sirace da tausa a garin, ya zama mai yi wa sarki tausa. Ƙidayar 1801 ta samu mutum dubu 7 da 'yan kai, zuwa 1831 sun haura dubu 40.

Jirgin ƙasa daga Landan ya iso a 1841, talaka ya samu damar zuwa da safe ya koma da yamma. Sarauniya Victoria ba ta ji daɗin cunkoson ba, a 1850 aka sayar wa garin da fadar, wato gidan hutun nan na Sarki George, kan fam 53,000.

In ana neman abin da ya cancanci sunan a wajenmu, a ganina Wikki ta Yankari ce, domin ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa a can shi ke jan mutane, ɗakunan kwana suka biyo shi. Wanda kuwa tankar ruwa ce ke cika masa kwami duk ranar Juma'a, otal gare shi.