Gubar Dalma

Gubar dalma ciwo ne da ke kama mutum idan dalma ta taru a jikinshi, ko dai ya haɗiyi ƙurarta ko ya shaƙe ta. Ta fi yi ma yara 'yan ƙasa da shekara 5 illa, don su ne ke rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki, kuma cikinsu ya fi na manya tsotse ta.

Tarihinta a Zamfara

Wajajen watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta da Abare. Da farko an ɗauka maleriya ce, aka yi ta ba da magani amma shiru, sai da aka auna jini sannan aka gano dalma ce. Asalin abin kuwa zinare ne, farashinshi ya tashi mutane suka koma haƙa, ana kwaso dutse a kawo cikin gida a daka a turmi ko a kai injin niƙa, alhali dutsen nan cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna har da abinci. Agwagi ma sun riga mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ranshi.

An ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Awon dalma a jinin wasu har ya wuce microgram 65 a kowace desilita, iyakar abin da na'urar gwajin ke iya karantawa. Aikin sharar ƙauyukan shi ne a kankare ƙasar gida a kwashe a zubo sabuwa, in ba haka ba ko an ba yaro magani gubar zai koma ma wa. Bagega, wani ƙauye a Anka, ita ce ta sha jira, sai 2013 aka yi nata, an daɗe ana ja-in-ja kan sakin kuɗin. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Alamomi

Amai, ciwon ciki, kasala, ƙarancin jini, in ta yi tsanani sai jijjiga da suma. Yaro da yawa kuma garau za ka ganshi, sai daga baya a ga karatu ya ƙi shiga.

Gwaji da magani

Gwajin jini ne kawai ke tabbatar da ita. In awo ya kai 45 likita kan ba da maganin DMSA, ana sha ne ya kamo dalmar ta fita ta fitsari, wani lokaci sai an maimaita. Amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Ana samun dalma kuma a wani kwallin da cikin tsohon batirin mota.