Gefen titi da masu buƙata ta musamman: abin da ke hannun 'yan unguwa

A cibiyar lafiya ta matakin farko da nake aiki a cikin birnin Kano, muna da wani dattijo mai fama da shanyewar ɓarin jiki, wanda yake zuwa awon hawan jini da karɓar magani duk wata. Sai aka wayi gari ya daina zuwa, har aka yi wata uku ba mu sa shi a ido ba. Da na bi sawunsa zuwa gida, na tarar murfin kwalbatin da ke bakin layinsu ne ya karye tun da damina, aka shimfiɗa wani siririn katako a kai. Yara suna tsallake katakon da gudu, shi kuwa ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi, sandarsa ma ba ta samun wurin tsayawa. Ko da an kama shi ya haye, akwai titi mai hannu biyu tsakaninsa da mu, kuma ya shaida mini cewa ranar da ya zo na ƙarshe, tsakiyar kwalta ya tsaya cik yana salati, adaidaita sahu suna giftawa ta gabansa da bayansa.

Tun daga ranar na fara lura da cewa yawancin masu buƙata ta musamman da muke gani suna tafiya a kan kwalta, tilas ce ta fito da su. Gefen titin da ya kamata su bi, mai shago ya kafa teburinsa da janaretonsa a kai, mai gini ya zube yashi da bulo, mai mota ya faka, sauran wurin kuma lambatu ne a buɗe. Mai ƙafa lafiyayya yana iya ratsawa ya wuce. Mai keken guragu ba shi da wata hanya face ya gangaro cikin motoci, makaho kuwa, wanda ya haddace hanyarsa ta masallaci da kasuwa taku bayan taku, tulin yashin da aka zube jiya da dare ya isa ya karkatar da shi zuwa tsakiyar titi ko cikin kwata.

Akwai wani lissafi da nake so kowane direba ya riƙe. Lafiyayyen mutum yana tafiyar kamar mita 1.2 a sakan guda, saboda haka titi mai faɗin mita 14 zai ɗauke shi sakan 12. Wanda ya sha shanyewar ɓarin jiki, ko mai dogara sanda biyu, idan rabin mita yake yi a sakan, titin nan zai ɗauke shi sakan 28. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan, wato kafin bawan Allah nan ya kai ɗaya gefen, ta shafe kusan rabin kilomita. Ma'ana, motar da ko hango ta bai yi ba lokacin da ya sa ƙafa a kwalta za ta iya riskarsa bai gama tsallakawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun kilomita 50 zuwa 65 a awa, shi ya sa ake ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a duk inda mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa, kamar bakin kasuwa, makaranta, masallaci da asibiti. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Doka ba ta bar wannan magana ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi cewa gefen titi da wuraren tsallakawa su zama masu biyuwa ga mai keken guragu da mai larurar gani, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Saboda haka duk wanda ya nemi a yi masa gangara a bakin titi, haƙƙinsa yake nema, kuma ya dace kansiloli da injiniyoyin ƙananan hukumomi su san ƙa'idar aikin: duk tsayin santimita 10, gangarar ta kai tsawon santimita 120, domin wadda ta fi haka tsaye kife keke take yi. A ganina kuma, gadar sama mai matattakala zalla ba ta magance komai ga gurgu ko tsoho. Tudun rage gudu mai faɗi, wanda aka daidaita shi da gefen titi aka yi masa zane, ya fi ta araha, kuma kowa yana iya bi ta kansa.

Amma mafi yawan abin da ke jefa mutane cikin haɗari a titunan unguwa ba sai an jira kwangila ba. Ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma yana daga cikin rassan imani, sai dai mun fi tuna hadisin idan mun ga ƙaya ko ƙusa, mu manta da teburinmu da motarmu. Mai shago ya ja kayansa baya yadda keken guragu zai wuce ba tare da ya sauka kwalta ba. Mai gini ya kwashe yashinsa da wuri, kuma idan ya haƙa rami ya kewaye shi da abin da sanda za ta taɓa tun daga ƙasa, domin igiyar da aka ɗaura a sama sandar makaho ba ta jin ta. Masu kafa rumfar biki su bar hanya a gefe. Mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa kuma su gayyaci Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ko wakilansu, a taka da ƙafa tare daga masallaci zuwa asibiti, domin su ne suka san ramin da mu ba ma gani.

Ga direbobi da masu adaidaita sahu, farar sanda alama ce ta mai larurar gani, kuma idan ka gan ta tsayawa ake yi sarai, har mai ita ya gama wucewa. Oda ba ta da amfani ga kurma, makaho kuma ruɗa shi take yi, tunda da kunne yake auna nisan mota. Bin hannun da ba naka ba ya fi cutar da waɗannan bayin Allah fiye da kowa, saboda ta ɓangaren da suka saba suke sauraro. A kuma tuna cewa da yawa daga cikin waɗanda shan inna ya taɓa suna tafiya ƙasa-ƙasa ne, a keken hannu ko a kan allo mai tayoyi, mai babbar mota ba ya hango su ta madubi idan zai yi baya.

Taimako ma yana da ladabinsa. Kada ka damƙi makaho ko ka ja sandarsa ba tare da ka yi masa sallama ka tambaye shi ba. Idan ya amince, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, ka riga shi da rabin taku, ka faɗa masa idan kun zo kwata ko tudu, kuma kada ka sake shi sai a wurin da ya san inda yake. Mai keken guragu, idan za a sauke shi daga wuri mai tudu, da baya ake saukowa don kada ya zubo ta gaba. Iyalai kuma su liƙa wa keke da sanda abin da ke ƙyalli idan fitila ta haska, a sa tufafi masu haske bayan magariba, kuma inda babu wurin tafiya a gefe, a bi hannun da ake fuskantar motocin da ke tahowa. Idan tsautsayi ya afku, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, kuma a guji ɗaukar wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya a naɗe cikin adaidaita, domin hakan na iya mayar da rauni naƙasa ta har abada.

Maganar dattijon nan na kai ta gaban mai unguwa. Matasan layin suka yi karo-karo aka sayi siminti da rodi, wani birkila a cikinsu ya zuba sabon murfi kyauta, kuma cikin mako biyu dattijon ya dawo awo. Titin dai yana nan yadda yake, don haka jikansa ke rako shi da sassafe kafin hanya ta cika, mu kuma mun rubuta takardar neman tudun rage gudu a gaban cibiyar, da sa hannun mai unguwa da limamin masallacin Juma'a.