Yaran da ke kwana a titunan Legas: tambayoyin da kuka ƙi daina yi

Daga Agege har Mile 12 tambayoyin dai su ne kullum. Ga amsa, don Allah a adana.

Wa doka take kira yaro?

Duk wanda bai cika shekara 18 ba. Haka dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce, Jihar Legas kuma ta yi tata a 2007. Tsirowar gemu ba ta canza komai.

In ba su kuɗi in sun roƙa?

Sayi abinci, ya ci a gabanka. Kuɗin ba safai suke kwana a aljihunsa ba: ko wani ƙato a gefe ya karɓe, ko su ƙare a sholisho.

Ai almajirai ne, ina ruwan hukuma?

Haba Alhaji! Ba duk yaron da ke ƙarƙashin gadar Oshodi ne ya zo karatu ba. Wani duka ya gudo wa, wani tirelar shanu ya biyo. Sashe na 30 na dokar 2003 ya hana sa yaro bara, hukuncinsa ɗaurin shekara 10, kuma bai ware ɗan kowa ba.

Yaro ɗan shekara goma yana kwana a rumfata a Mile 12, ya ce daga Kano yake. In kai shi gida in riƙe, ko in haɗa shi da direba ya koma Arewa?

Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Niyyarka alheri ce, amma a Ikko ihun "ɓarawon yara" ɗaya ya isa, jama'a ba sa jiran bayani. Ciyar da shi, ka duba ko da rauni a jikinsa. In ya natsu, tambayi sunansa, sunan mahaifinsa, unguwarsu, malaminsa, da lambar wayar da ya haddace. Rubuta, ka sa kwanan wata. Yi haka a gaban shugaban kasuwa ko wakilin Sarkin Hausawa, don ka sami shaida. Sannan ka kai rahoto caji ofis, ka tabbatar an shigar a littafi, a sanar da jami'an jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Matasa da ke Alausa. Riƙo a hukumance kuwa sai da umarnin kotun iyali.

Batun mayar da shi ne mai wuya, ba ni da amsa ɗaya. In ɓata ya yi, iyayensa suka amsa waya, shi ma ya gane muryarsu, to a mayar, amma tare da babban da aka sani, ba a saman kaya ba. Tafiyar ta kai kwana. In kuwa azaba ya gudo wa, mayarwa ba tare da bincike ba aikin baban giwa ne, mota ta gaba zai sake biyowa. Kuma yara kan ɓoye gaskiya ranar farko, har sunan gari sukan canza saboda tsoro. Kada ka kira shi maƙaryaci, sake tambaya bayan kwana biyu. In ya ce wani ne ya kawo su da yawa yana karɓar kuɗin aikinsu, wannan fataucin mutane ne, aikin NAPTIP, hukumar tarayya mai yaƙi da shi.

In sa hotonsa a Facebook?

A'a. Nan da nan wani zai bayyana ya ce shi kawunsa ne, ba ka da hanyar tantancewa.

An yi wa yarinya mai talla fyaɗe, iyaye sun ce a rufa asiri.

Asirin wa? Hajiya, maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72. Kada a yi mata wanka, kada a wanke kayanta. A kai ta Cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, kyauta ne. Yara maza ma ana duba su. In gaggawa ce, kira 767 ko 112.

Ba shi da takardar haihuwa, zai iya shiga makaranta?

Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke bayarwa, nemi ofishinta a ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, firamare shida, ƙaramar sakandare uku. Amma fara sama masa wurin kwana; wanda ya kwana a kan kwali yana gadin takalminsa, gyangyaɗi zai yi a aji.