Ma'anar Corned Beef, da Yadda Ake Dafa Shi da Kabeji

Kalmar "corn" da ke cikin wannan suna ba masara take nufi ba. A tsohon Turanci duk wata ƙwaya ƙarama ana kiranta haka, har da manyan ƙwayoyin gishirin da ake barbaɗa wa nama don kada ya lalace. Saboda haka corned beef naman sa ne da ya kwana cikin gishiri har gishirin ya ratsa shi. Wanda aka fi sani a kasuwanninmu shi ne na gwangwani, dafaffe kuma niƙaƙƙe, wanda akasari daga Birazil ake kawo shi. Wanda ake dafawa da kabeji ranar biki daban yake: dunƙulen naman ƙirji ne ɗanye, sai an dafa shi sa'o'i.

Abincin ranar 17 ga Maris ne, ranar Waliyi Patrick, babban bikin 'yan ƙasar Ayalan, amma Amurka ta fi Ayalan cin sa. A Ayalan naman alade mai gishiri aka saba haɗawa da kabeji. 'Yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa New York a ƙarni na 19 sun tarar da maƙwabtansu Yahudawa mahauta suna sayar da ƙirjin sa mai gishiri da araha, sai suka maye gurbin aladen da shi.

Mai son jiƙa naman da kansa, ga ma'auni na ƙirji mai kilo 2: ruwa lita 4, gishiri giram 300, sukari giram 100, tafarnuwa, masoro, kanumfari da ƙwayar mastad. A tafasa, a bar shi ya huce sarai, sannan a nutsar da naman, a danne shi da faranti, a sa a firji kwana 5 zuwa 7 ana juya shi kullum. Jan launin da aka san naman da shi kuwa daga wani gishirin adana nama yake fitowa, mai sinadarin naitirayit kashi 6.25 cikin ɗari. Giram 25 ya ishi wannan ruwa, kuma ba a ƙara shi da ka, don yawansa guba ne. Kanwa ba ta yin aikinsa. Idan babu shi naman zai fito ruwan toka, kuma a wajen birnin Boston na Amurka ma haka wasu suka fi so.

Wajen dahuwa ne aka fi yin ɓarna, kuma abu biyu ne ke jawo ta: gishiri da gaggawa. A wanke naman da ruwan sanyi. Idan ya daɗe a jiƙe, a bar shi cikin sabon ruwa sa'a ɗaya ko biyu. A sa shi a tukunya mai kauri, ruwa ya sha kansa, a jefa albasa guda, kada a ƙara gishiri ko dunƙulen ɗanɗano ko kaɗan. Da ya tafaso a kwashe kumfa, a rage wuta har sai ruwan yana motsi kawai, ƙwayar kumfa ɗaya tana tasowa bayan ɗaya. Ƙirji nama ne mai yawan jijiya, kuma jijiyar ba ta narkewa sai da zafi mai sauƙi na dogon lokaci. Ɓararrakar wuta tana matse tsokar ta tatse ruwanta, a wayi gari nama yana cikin romo amma a bushe yake kamar igiya. Kilo ɗaya da rabi yana cin kusan sa'a 3. Alamar nuna ita ce cokali mai yatsu ya shige ya fito ba tare da ya ɗago naman ba. Idan har yanzu yana da tauri, bai nuna ba ne, a ƙara masa rabin sa'a.

Kayan lambu daga baya suke shiga. Dankalin Turawa da karas suna buƙatar kamar minti 30, kabeji minti 15 kacal. A yanka kabejin gida shida ko takwas a bar ƙashin tsakiyarsa a jikin kowane yanki, shi ke riƙe ganyen kada ya watse. Kabejin da ya wuce lokaci yana yin laushi ya saki warin nan irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke cika gida. Kafin a zuba su a ɗanɗana romon. In gishiri ya yi yawa a ɗebi rabi a cika da ruwan zafi, domin dankali zai shanye duk abin da ya tarar.

A tsamo naman a rufe shi ya huta minti 15, sannan a duba inda zaren tsokar ya nufa a yanka a gicciye, kaurin rabin santimita. Yanka bin zare yana mayar da naman da ya nuna lugub abin taunawa da wahala. Ana cin sa da mastad a gefe, a yayyafa ɗan romo a kan yankakken naman don kada ya bushe a faranti. Abin da ya rage kuma a daddatsa shi da dankalin a soya da albasa washegari da safe.