Idan imel ya ƙi isa, ba kullum laifin sabis ba ne

An daɗe ana faɗa a ofisoshi cewa idan imel ya tafi yau, gobe ya ƙi, to sabis ne ya yi rauni. Zato ne mai dalili, domin matsalar sabis muka fi sabawa da ita. Amma da zarar saƙo ya bar wayarka ya shiga saba, wato kwamfutar da ke aika wasiƙun ofis, sabis ɗinka ya gama nasa aikin.

Daga nan saba ce ke magana da ta mai karɓa, wadda ke amsawa da lamba. Idan lambar ta fara da 4, kamar 421 ko 451, ana nufin a dakata a sake gwadawa. Saƙon zai zauna a layi, galibi har kwana 4 zuwa 5. Wadda ta fara da 5, kamar 550, ƙi ne kai tsaye.

Ga abin da ya fi rikita mutane: wata sabar tana aikawa ta adireshin IP, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet, fiye da ɗaya. Idan ɗaya ya faɗa jerin masu aika saƙon banza, ko aka manta ba a sa shi cikin bayanin SPF ba (wato jerin adiresoshin da aka amince su aika imel da sunan ofis), saƙon da ya bi ta kansa zai iya maƙalewa, sauran su wuce lafiya.

Don Allah kada a goge saƙon da ya dawo. A buɗe shi, a duba lambar da dalilin da aka rubuta, a nuna wa mai kula da sabar ya kwatanta da rajistar da sabar ke ajiye bayanan saƙonni a ciki.

A tura wannan bayani ga abokan aiki.