Waiwaye: Gudun Motocin Stewart-Haas da Hukuncin Masu Binciken NASCAR

Tun ranar da aka fara gasar tseren motoci ta NASCAR a Amurka ake kai ruwa rana tsakanin makanikai da masu binciken mota. A tseren farko na babban rukuni, wanda aka yi a Charlotte a 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isa, amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper saboda an sauya wa motarsa sifirin baya. Sai dai daga 1960 hukumar ta daina karɓe nasara daga hannun wanda ya ci, bisa ra'ayin cewa ya kamata ɗan kallo ya bar fili yana sane da wanda ya yi nasara. A wancan lokaci mai laifi kan biya tara, a rage masa maki, amma kofi na nan a hannunsa.

Ƙungiyar Stewart-Haas, mallakar attajiri Gene Haas da tsohon zakara Tony Stewart, na cikin waɗanda suka girgiza wannan al'ada. Ta ci kambun gasar a 2011 da 2014 da motocin Chevrolet, sannan ta koma Ford a 2017, shekarar da ta tashi da nasara uku kacal domin tana kan koyon sabon jikin mota. Da aka shiga 2018 sai labari ya sauya, ƙungiyar ta ci tsere 12, dukkan direbobinta huɗu suka ɗanɗana nasara, Kevin Harvick shi kaɗai ya ɗauki takwas.

Harvick ya ci Atlanta, ya ci Las Vegas, ya ci Phoenix, a jere, kuma a tseren tsakiyar ne aka fara zarginsa. Hotunan da 'yan kallo suka yaɗa a intanet sun nuna gilashin bayan motarsa mai lamba 4 yana lotsawa ciki idan ta ɗauki gudu. Ga wanda bai san sana'ar ba wannan ƙaramin abu ne, amma motar da ke gudun kusan kilomita 300 a awa, duk lanƙwasar da ta ƙara tura iska zuwa allon da ke kafe a bayanta na ƙara manne tayoyinta da ƙasa, direba ya sha kwana ba tare da ya sassauta ba sosai. An kai motar cibiyar bincike ta NASCAR da ke Concord, a jihar Karolina ta Arewa, aka samu cewa ƙarfen da ke tallafe da gilashin bai riƙe shi yadda doka ta tanada ba. Aka zaftare wa Harvick maki 20, aka ci shugaban makanikansa Rodney Childers tarar dala 50,000. Harvick ya yi ƙorafin cewa hayaniyar intanet ce ta ja masa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin motar da ta zo ta ashirin ba kowa ke bin hotonta da ƙwaƙwaf ba.

Hukunci na biyu ya fi ciwo. A watan Nuwamba ya ci tseren Teksas, nasarar da ta ba shi gurbi kai tsaye cikin mutum huɗun da za su fafata neman kambu. Bayan kwana uku aka sanar cewa allon iskar bayan motar a goce yake zuwa dama, gocewar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, alhali doka ta ce a kafa shi yadda kamfanin da aka amince da shi ya ƙera. Aka soke gurbin, aka cire maki 40, aka ci Childers tarar dala 75,000 tare da dakatar da shi daga tsere biyun da suka rage. Harvick ya sake samun gurbin da guminsa a Phoenix, amma Joey Logano ne ya ɗauki kambun a tseren ƙarshe da aka yi a Homestead.

Abin da ya fi damun mutane shi ne a yi murna ranar Lahadi, a ji hukunci ranar Laraba, kuma sunan mai laifi ya ci gaba da zama a littafin tarihi a matsayin wanda ya ci. A farkon 2019 NASCAR ta sanar cewa za a riƙa kammala bincike a filin tsere jim kaɗan bayan an tashi, kuma duk motar da ta faɗi binciken za a mayar da ita ta ƙarshe. Dokar ba ta hau kan wanda ya ci tsere a babban rukuni ba sai a Yulin 2022, lokacin da aka kori Denny Hamlin da Kyle Busch, na ɗaya da na biyu a Pocono, aka ba Chase Elliott nasara.

Ita kuwa Stewart-Haas, mafi tsananin hukuncinta ya zo ne bayan gudun ya ja baya. A 2023 an kama jabun kayan gyara a motar Chase Briscoe, aka cire maki 120, aka ci tarar dala 250,000. Ƙungiyar ta rufe ƙofa a ƙarshen kakar 2024, Gene Haas ya ci gaba da mota ɗaya a babban rukuni.